Carafke a Kan Gilashi

Ranar Litinin ya shigo ajinta rungume da kwali, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Shugabar makaranta ce ta rako shi har bakin ƙofa, ta ce, "Malama, ga mai manhajar nan da na faɗa miki," ta juya abinta.

Aji ɗaya ne na firamare, yara ashirin da huɗu, da fanka guda mai juyawa kamar an yi mata dole. Malama tana gaban allo da alli a hannu. Ta dube shi, ya dube ta, kwalin ya kusa suɓuce masa. Da sun san abin da wannan kallo zai jawo wa yaran da ke zaune a gabansu, da kowannensu ya sunkuyar da kai.

Kwamfutocin hannu ne a kwalin, ɗaya ga kowane yaro, wata ƙungiya ta ba shi aro na zangon karatu guda. Ya ce ya mayar da wasan carafke cikin na'ura domin yara su koyi lissafi suna wasa. Ya kunna ɗaya ya nuna mata. Ta kalla, ta danne dariya, dariyar ta ƙi dannuwa.

"Malam, ka taɓa yin carafke kuwa?"

"Ai wasan mata ne. Na dai ga ƙannena suna yi."

"Daga nesa, ko? Shi ya sa."

Da aka tashi tara, ta jawo wani tsohon gwangwani daga aljihun tebur, ta zube tsakuwa goma a kan siminti, ta riƙe ta goma sha ɗaya a hannu. Ta cilla ta sama, ta kwashi ɗaya a ƙasa, ta cafe kafin ta sauko. Ta gama ɗaiɗai, ta koma bibbiyu, sannan uku-uku saura ɗaya, huɗu-huɗu saura biyu, biyar-biyar babu saura.

"Ai duk lissafin goma ne a hannunki!" in ji shi.

"Lissafin kake kallo ko hannun?"

Tun daga ranar ta sa masa suna Mai Tsakuwa, shi kuma ba ya kiranta komai sai Malamata.

Ya koma ya yi kwana goma yana gyara. Abin da ya dawo da shi kyakkyawa ne, babu mai musu. Yaro ya saƙala abin sauraro a kunne, ya danna, tsakuwa ta tashi sama, ya ja biyu da yatsa kafin ta faɗo. Sai wata murya mai daɗi ta ce masa a kunne, "Madalla! Saura takwas!" tauraro ya fito a kan gilashi. Ajin da a da ba a jin maganar mutum saboda hayaniya ya yi tsit. Masu wucewa suna leƙowa suna yabo. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa me ke sa yara 'yan shekara shida su yi shiru haka.

Da yamma saƙonni ke kaiwa da komowa.

"Malamata, yau yaranki sun tara taurari ɗari uku. Ni kuwa guda ɗaya nake nema, ta ƙi fitowa a gilashina."

"Mai Tsakuwa, tauraruwar nan tana da uba, kuma uban yana da guduma. Ka zo ka gaishe shi in da gaske kake."

Mahaifinta kafinta ne, shagonsa yana ƙasan benen da suke haya. Mutum ne mai fensir a bayan kunne da ƙarancin magana. Bai ajiye zarto ba sa'ad da saurayin ya durƙusa ya gaishe shi.

"Mene ne aikinka?"

"Baba, ina haɗa wasannin yara a kwamfuta."

"Wato wasa."

"Na koyar da lissafi ne, Baba."

"Ni ba na sayen magana. In na ƙera kujera, sai an zauna a kanta nake sanin na yi aiki. Yaushe za a zauna a kan taka?"

"Ƙarshen zango za a yi musu jarrabawa."

"To. In yaran sun iya, ka turo manyanka. In ba su iya ba, kada ka ƙara tako min shago. Akwai mai kantin magani a tsallake, shekara biyu yana gaishe ni da wannan maganar, kuma shi na san me yake sayarwa."

Mai kantin maganin ba mugu ba ne. Natsattse ne, mai tsabta, kullum da safe sai ya ce mata, "Malama, an fito?" ta ce, "An fito," shi ke nan. Laifinsa ɗaya, zuciyarta ba ta wurinsa.

A nan Malama ta yi nata kuskuren, kuma ba za a ɓoye shi ba don tana da kirki. Shugaba ta ce a riƙa ba na'urar darasi biyu a mako, sauran ukun a yi a allo. Amma taurari suna ta hauhawa, aurenta kuma yana rataye a kansu. Ta mayar da biyu uku, ta mayar da uku biyar. Allinta ya kwanta a aljihun tebur kusa da gwangwanin tsakuwa. Ta ce wa kanta don yara take yi. Ba don yara ba ne.

Ranar jarrabawa malamin aji uku aka turo ya tsare su. Aka raba takardu. Tambayar farko ita ce: kana da goma, aka ɗauke huɗu, saura nawa?

Malama tana tsaye a bakin taga daga waje. Ta ga yaran sun zuba wa takarda ido. Ta ga wata 'yar ƙarama a layin gaba, wadda ta fi kowa taurari, ta sa yatsa ta shafi takardar daga dama zuwa hagu. Ta jira. Ta sake shafawa. Sannan ta kai hannu ta taɓa kunnenta, ta waiga tana neman malamarta da ido.

Malama ta bar bakin tagar. Ta zauna a kan dakalin baranda.

Biyar suka ci. Goma sha tara suka faɗi.

Iyaye suka cika ofishin shugaba. Wata uwa ta ce, "Na kawo miki yarinya tana ƙirga yatsunta, kin mayar min da ita tana shafa takarda!" Wani uba ya ce an yi gwaji da 'ya'yansu kamar ɓeraye. Malama ba ta kare kanta ba, domin babu abin karewa. Kafin azahar aka miƙa mata takardar sallama. Washegari ƙungiyar ta aiko aka kwashe kwamfutocin.

Mahaifinta bai yi faɗa ba. Ya ce, "An zauna, ta karye," ya ci gaba da aikinsa. Da faɗan ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Ta rubuta wa Mai Tsakuwa: "An sallame ni. Ina kake?"

Shiru.

Bayan kwana uku ta sake rubutawa: "Ko gaisuwa ce ka amsa min. Ba na iya cin abinci."

Shiru. Sai a rana ta tara saƙonsa ya shigo.

"Malamata, ki yafe min. Na raba ki da aikinki, na ɓata wa yara zango guda. Ki amince da mai kantin magani, shi ba zai cutar da ke ba. Ni ɓarna kawai na iya."

Ta karanta sau uku, hawaye na ɗiga a kan wayar, ta amsa:

"Tare muka yi ɓarnar, amma ni kaɗai ka bari a tsakiyar titi. Ba sai ka zaɓa min miji ba. Na gode da shawara."

Namijin da yake ganin gudunsa sadaukarwa ce ya fi kowa wauta. Ya bar ta da kunya, shi kuma ya ce wai kunyar tasa ce.

Makonni suka shige. Ba ta fita sai dole, domin duk inda ta bi sai ta haɗu da uwar wani ɗalibinta. Ta rubuta neman aiki makarantu huɗu, labari ya riga ta isa duka huɗun. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Mai kantin magani ya fara hawowa sama da yamma, ya zauna a falo, ya yi maganar tsadar magunguna, ita kuma ta kalli labule. Mahaifinta ya ce bayan wata guda yana son jin amsarta. Ta ce to. A ranta ta riga ta sallama. Ta ga kamar wannan ne hukuncin da ya dace da ita.

Wata Laraba ta sauko sayo wa Umma maganin ciwon gwiwa, ta tarar da uwar 'yar ƙaramar nan mai shafa takarda a kantin. Ta so ta juya, matar ta riga ta gan ta.

"Malama, tsaya mana. Wannan saurayin naki, lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Ba saurayina ba ne."

"To ko ma wane ne. Ya zo gidanmu, ya durƙusa a gaban maigidana ya ce laifin nasa ne, ke ba ki da hannu. Maigidan ya kore shi. Bayan kwana biyu ya dawo. An ce gida goma sha tara ya bi, ɗaya bayan ɗaya. A wani gidan ma har mari ya sha."

Mai kantin magani yana ƙulla magani a leda, hannunsa ya tsaya. Ya dubi fuskar Malama, ya ga abin da shekara biyu bai taɓa gani ba in shi ake magana. Ya miƙa mata ledar a hankali.

"Malama, ki gaishe da Umma. Ki ce wa Baba na janye, ba don wani laifi ba."

Da ta hau sama ta faɗa jikin mahaifiyarta tana kuka. Umma ta bari ta yi mai isarta, sannan ta ce, "Kira min shi. Ki ce ni ke kira. Ya zo da abin nasa, ke kuma ɗauko gwangwaninki."

Ya zo da la'asar, ya yi baƙi, rigarsa ta yi masa yawa. Ya zauna a bakin ƙofar falo, ya kasa ɗaga kai. Umma ta sa ya kunna mata wasan. Ta saƙala abin a kunne, ta ja tsakuwa biyu, ta saurara, ta cire ta ajiye.

"Wace ce wannan mai surutu a kunnena?"

"Ita ke faɗa wa yaro abin da ya rage, Umma."

"Uhm. Matso da tabarmar nan."

Ta sauko ƙasa da gwiwarta mai ciwo, ta zube tsakuwa goma. Ta ce bibbiyu za ta yi. Ta cilla, ta kwasa, ta cafe. Ta sake cillawa, ta kwasa, ta cafe, hannun kamar na yarinya.

"Umma!" in ji Malama, ba ta san ta ɗaga murya ba. "Uku kika ɗauka! Shida ya kamata su rage, ga biyar a ƙasa!"

Umma ta buɗe tafin hannunta. Uku ne.

"Wa ya ce ki ƙirga?"

"Ai cuta za ki yi."

"To kin ji. Ni tun ina yarinya ban taɓa ƙirga nawa ba. Mai wasa idonta yana sama, tana bin tsakuwa kada ta faɗi, ina ta ga lokacin lissafi? Wadda ke zaune tana jiran a faɗi ta karɓa, ita ke ƙirgawa, don kada a cuce ta. A nan muka iya goma. Kai ɗana, ka ba kowane yaro wasa, ka hana shi abokin wasa. Ka ɗauki aikin mai kallo ka ba wa wannan matar ta cikin kunne. Ita ta koyi lissafin, ga shi ta iya."

Ta juya ga 'yarta. "Shi namiji ne, daga nesa ya gani. Ke fa? Ke da kika yi kuka a tsakar gida saboda an cuce ki tsakuwa ɗaya?"

Malama ta rufe fuska da mayafi. Ta sani. Tun ranar farko ta nuna masa hannu ta manta da ido, domin a ranar ita ake kallo, kuma kallon ya yi mata daɗi.

A kan matakala, da za ta raka shi, ya ce, "Malamata..."

"Kada ka kira ni haka. Ba ni da aji."

"Ina da kwamfutoci biyu nawa na kaina. Zan kashe muryar. Yara biyu a kan guda: ɗaya ya yi wasa, ɗaya ya faɗi saura. Wani lokacin na'urar ta bar mai wasa ya ɗauki fiye da ƙa'ida, in mai kallo ya kama, wasa ya dawo hannunsa."

"Wace makaranta za ta karɓe mu?"

"Babu."

"Baba kuma ya riga ya yanke."

"Na sani. Ba don auren nake faɗa ba. Yara goma sha tara ne."

Ta dube shi. "Ranar da ka sake yin shiru kwana tara, Mai Tsakuwa, ko a lahira kada ka gaishe ni."

Umma ce ta roƙi mahaifin ya ba su gaban shago ranakun Asabar da Lahadi. Ya ce, "Benci dai ga shi nan. Maganar aure kuwa na rufe ta." Malama da Mai Tsakuwa suka sake bin gidajen yaran, wannan karon su biyu. Yara goma sha ɗaya aka ba su. Gida takwas suka rufe ƙofa, kuma suna da gaskiya. Wasu an sa su maimaita aji, wasu an canza musu makaranta, biyu an zaunar da su a gida gaba ɗaya.

Biyu-biyu suke hawa na'ura, sauran suna ƙasa da tsakuwa ta gaske, Malama tana tsakiya da allinta da wani guntun katako da aka shafa wa baƙin fenti. Shiru ya ƙare. "Ƙarya ne, saura huɗu!" "Wallahi uku ya ja, Malama!" "Ba ni, ka faɗi!" Kafinta yana ciki yana aiki, kullum yana cewa sun hana shi jin zartonsa, amma bai taɓa rufe ƙofa ba.

A mako na takwas ya fito da ƙusoshi a hannu. Ya tsaya a kan 'yar ƙaramar nan mai shafa takarda.

"Ke. Ƙusa goma nake bukata a kujerar can. Na buga huɗu. Nawa zan ɗauko?"

Yarinyar ba ta taɓa kunne ba. "Shida. Amma Baba bakwai ne a hannunka."

Ya buɗe hannu ya duba. Ya koma ciki. Can ya ƙwala kira, "Kai mai wasa! Shigo."

Saurayin ya shiga ya durƙusa a cikin garin katako.

"Na ce in yaran sun faɗi kada ka ƙara tako min shago. Sun faɗi. Takwas kuma har yau suna ƙasa, ba ka ɗaga su ba, ba kuma za ka iya ba. Ka san da haka?"

"Na sani, Baba."

"'Yata ta rasa aikinta, ba lalle ta sake samu ba."

"Na sani."

"Wanda ya mare ka, ni na yi masa ƙofofin gidansa. Shi ya faɗa min da bakinsa, ya ce ka tsaya ka juya masa ɗaya kuncin. Shekara talatin ina wannan sana'a, na ga masu ƙera abin da ya karye da yawa. Duk cewa suke mai zaman ne ya yi nauyi." Ya zare fensir daga bayan kunne, ya mayar. "Ba don wasanka ya gyaru na ba ka ita ba. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure wata Asabar da hantsi, ba taro mai yawa. Daga tsohuwar makarantarta ba wanda ya zo. Mai kantin magani ya zo, ya yi addu'a, ya tafi da wuri. Yara goma sha ɗaya suka zo da iyayensu mata, suka cika matakala da gardama.

Ɗaki ɗaya da falo suka kama. Har yau ba ta samu aji ba, shi ma ba ƙungiyar da ta sake amsa wasiƙarsa. A bangon falon, kusa da ƙofa, ta manna takarda mai sunaye takwas. Ya taɓa cewa ta cire, ta ce a'a, a nan za ta zauna inda za su riƙa gani duk fita.

Ranar da za a kai ta, Umma ta sa mata gwangwanin tsakuwa a cikin akwati. Mahaifinta ya tsaya a ƙofar shago, ya ɗora hannunsa mai kaushi a kanta, ya dubi angon.

"In ɗayanku yana wasa, ɗayan ya buɗe ido ya ƙirga. Wanda ya ga kuskure ya faɗa da ƙarfi, tun a ranar, ko da za a yi fushi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai jin magana. Yaran nan takwas kuma, Allah ya haɗa su da malamin da ya fi ku."

Suka ce amin, su biyun, kuma a kan addu'ar ƙarshen muryarsu ta fi ƙarfi.